Giga 8 Ko Giga 16? Tarihin RAM Daga Gidan Shayin Landan Zuwa Teburin Ofis

Ga masu bin mu a rubuce, ga abin da muka tattauna a wannan makon, an buga shi kamar yadda aka faɗe shi, sai 'yan gyare-gyare nan da can.

Yau daga shago za mu fara. Ka yi wata da watanni kana tara kuɗi, ko kuma a wurin aiki an ba ka wani abu an ce je ka nemo laftof. Aikin ba wani mai nauyi ba ne: buga wasiƙa, jadawalin albashi a Excel, imel, taro ta Zoom, sai WhatsApp da ba a rufe shi. Mai shago ya ɗora maka guda biyu a kan kanta. Ɗaya siririya, sabuwa fil a kwali, ya ce, "Yallaɓai, wannan giga 8 ce." Ɗayar ta hannu ce, mai ɗan kauri, gefenta har ya goge, ya ce, "Wannan kuma 16." Kuɗinsu kusan ɗaya. Kai kuma ka san in ka saya yau, sai bayan shekara huɗu ko biyar za ka sake waiwayar kasuwa. Wacce za ka ɗauka?

Zan ba da amsa, amma sai mun zaga ta tarihi tukuna. Dalili kuwa shi ne, wannan tambaya ta "nawa zai isa" an yi fiye da shekara saba'in ana amsa ta, kuma kusan kowace amsa ba ta daɗe ba ta yi kaɗan. Abin da yake ceton mai saye a duk tsawon lokacin nan shi ne, in abin ya yi masa kaɗan, yana iya ƙarawa daga baya. To wannan damar ce yanzu take neman kuɓucewa.

Bari mu fara daidaita magana. Duk mai waya ya san a ce masa "huɗu da sittin da huɗu ce." Huɗun nan shi ne RAM, sittin da huɗun kuma wurin ajiya. Haka yake a kwamfuta. Ku ɗauki akawu a ofis. Yana da kabad cike da fayil, yana da teburi. Kabad shi ne wurin ajiya, ko an tashi daga aiki fayil yana nan. Teburi shi ne RAM: duk takardar da zai yi aiki a kanta sai ya ɗauko ta ya shimfiɗa a kai, in an tashi kuma a share teburin tas. Girman kabad ba ya ƙara wa akawu sauri. Abin da ke sa shi safa da marwa shi ne ƙanƙantar teburi. Saboda haka in mai shago ya ce maka "giga 256 ce," kabad yake nufi, ka sake tambayarsa teburin.

Sannan ma'auni: harafi ɗaya kusan bait ɗaya ne. Bait dubu da 'yan kai kilobait ne, kilobait dubu da 'yan kai megabait, megabait dubu da 'yan kai gigabait, wanda muke yanke wa suna mu ce giga.

To, wa ya fara sa kwamfuta aikin ofis? Mutum zai zaci banki ne ko gwamnati. Ashe masu shayi ne. Kamfanin J. Lyons na Ingila yana da gidajen shan shayi da yawa, da gidajen burodi da kek, da ɗimbin akawuna masu lissafin kwabo da sisi. Ribar kofin shayi ba ta da yawa, kowane mai shayi zai gaya maka, don haka kuɗin biyan masu lissafi yana ci musu tuwo a ƙwarya. A 1947 suka tura manajojinsu biyu Amurka, suka dawo da labarin wata na'ura mai lissafi da lantarki. Kamfanin ya ba Jami'ar Cambridge fam 3,000 don ta ƙarasa tata na'urar mai suna EDSAC, daga nan suka ƙera tasu a hedikwatarsu ta Cadby Hall a Landan, suka sa mata suna LEO. A watan Nuwamba 1951 ta fara lissafin kayan gidajen burodin kamfanin, a 1954 kuma ta karɓi lissafin albashi. Albashin mutum ɗaya da ƙwararren akawu yake yi a minti takwas, ita tana gamawa a daƙiƙa ɗaya da rabi.

Teburin LEO fa? Bai kai kilobait 9 ba. Kuma ku ji da me aka yi shi: bututu 64 cike da zaiba, kowanne ya fi mita ɗaya da rabi tsawo. Ana mayar da lambobi su zama sauti, a tura sautin ta wannan bakin bututun, ya ratsa zaiba ya fita ta wancan, a tare shi a sake dawo da shi farko. Haka lamba za ta yi ta zagaye har a buƙace ta. Wato tunawar na'urar kamar yaron da aka aika ne yana tafe yana maimaita saƙo a bakinsa don kada ya manta. Giga 8 ɗin da mai shago ya nuna maka ya ninka na LEO kusan sau miliyan ɗaya. Aikin kuwa? Albashi ne, irin wanda za ka yi a Excel. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zaiba ba ta daɗe ba. A 1953, a cibiyar MIT ta Amurka, ayarin Jay Forrester ya sa wa kwamfutar Whirlwind wani sabon abu: 'yan ƙananan zobba na maganaɗisu, an zura musu wayoyi sirara, kowane zobe yana riƙe da sifili ko ɗaya. Zobe takwas kenan kafin ka samu harafi guda. Da hannu ake saƙa su, galibi mata ne ke yi, da allura da gilashin ƙara girma. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya san irin wannan aikin da abin da yake yi wa ido. Kusan shekara ashirin wannan saƙar ce RAM ɗin duniya, kuma da ita aka je wata. Kwamfutar kumbon Apollo 11 tana da wajen kilobait 4 na wurin aiki. Ranar 20 ga Yuli 1969, ana cikin sauka, ta fara nuna gargaɗi mai lamba 1202. Wata na'urar rada ce take ta cinye mata lokaci, ayyuka suka taru, wurin ajiye su ya ƙare. Sai dai waɗanda suka rubuta manhajar sun tsara ta yadda in teburi ya cika, za ta zubar da ƙananan ayyuka ta riƙe na sauka. Da haka aka sauka lafiya.

Taka kwamfutar ba ta zubar da aiki in teburinta ya cika. Wata dabara take yi, wadda aka fara a Jami'ar Manchester, a kan kwamfutar Atlas da aka ƙaddamar a 1962 ƙarƙashin Tom Kilburn. Dabarar ita ce: in teburi ya cika, a ɗauki takardar da aka daɗe ba a taɓa ba a mayar da ita kabad, in an neme ta a sake ɗauko ta, a mayar da wata. Mai aiki ba ya ganin wannan, shi dai a wurinsa teburin ba ya cika. Har gobe Windows da Mac haka suke yi.

Amma akwai kuɗin da ake biya, kuma da lokaci ake biyansa. Mu ƙaddara ɗauko abu daga RAM daƙiƙa ɗaya ne. A wannan ma'aunin, ɗauko shi daga SSD, wato wurin ajiya na zamani, zai kai wajen kwata na awa. Daga tsohon faifai mai juyawa kuwa, ya fi kwana guda cur. To in ka ga ka danna Excel daga burauza, allon ya yi fari, ɗan zoben nan yana ta juyawa, kai kuma oga yana tsaye a kanka yana jiran takarda, abin da ke faruwa kenan. Akawu ya tafi kabad. Ba ƙwayar cuta ba ce, ba kuma tsufa ba ne, sau da yawa teburi ne ya yi kaɗan.

RAM irin wanda muke saye yau ya fito ne daga kan wani injiniyan IBM, Robert Dennard, wanda ya rasu a 2024. A 1966 ya gano cewa za a iya riƙe sifili ko ɗaya da tiransisto ɗaya tak da ɗan kafasito ɗaya, ya samu rajistar fasahar a 1968. Kafasiton kamar tulu ne mai yoyo, cajin da aka zuba masa yana tsiyayewa, sai an riƙa sake cika shi sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa. Shi ya sa in aka ɗauke wuta a kan kwamfutar teburi, wasiƙar da ba ka adana ba ta tafi kenan. A watan Oktoba 1970 wani ƙaramin kamfani mai shekara biyu, Intel, ya fito da ɗan guntu mai lamba 1103, yana ɗaukar harafi 128. Bai kai saƙon tes guda ba. Amma injin ne ke buga shi, ba hannu ke saƙa shi ba, kuma cikin 'yan shekaru ya kashe kasuwar zobba.

Daga nan ne kwamfuta ta sauko kan teburin ɗan kasuwa, kuma abin da ya sauko da ita shi ne jadawalin lissafi. A 1979 Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc, kakan Excel, a kan Apple II. Ita Apple II da ta fito a 1977, mafi arha kilobait 4 gare ta. VisiCalc kuwa sai da 32. Kun ga yadda ma'aikacin ofis ya je shago yana tambayar RAM, saboda manhajar da yake so ta fi ƙarfin abin da aka sayar masa. Da yake akwai gurabe a cikin na'urar, sai ya saya ya cusa.

Ranar 12 ga Agusta 1981 IBM ta fito da tata, mafi arha dala 1,565 da kilobait 16. Injiniyoyinta suka raba wurin da na'urar ke iya gani, suka ware wa manhajoji kilobait 640, sauran suka bar wa allo da wasu kayan ciki. A lokacin 640 ya ninka abin da ke cikin na'urar sau 40, wa zai ce zai yi kaɗan? Akwai maganar da ake jingina wa Bill Gates, wai ya ce 640 ya ishi kowa. Shi dai ya musanta, kuma ba a taɓa kawo inda ya faɗa ba, don haka mu daina ɗora masa. Abin da ya tabbata shi ne, shekara huɗu kacal aka yi aka ci karo da bangon. Kuma ba masana kimiyya ne suka fara cin karo da shi ba, akantoci ne. Lotus 1-2-3 ya fito a Janairu 1983, yana ɗora jadawali gaba ɗayansa a kan RAM, kamfanoni suka yi ta ƙara layi har wuri ya ƙare. A 1985 dole Lotus da Intel da Microsoft suka haɗu suka ƙirƙiro wata hanya ta zagaye bangon, ana leƙa ƙarin RAM ta wata 'yar taga kaɗan-kaɗan. An fi shekara goma ana fama da wannan 640 ɗin.

A wannan shekarar ta 1985 Toshiba ta fitar da T1100, ɗaya daga cikin laftof na farko da suka yi kasuwa, nauyinta kilo 4 da ɗan ɗori. Kilobait 256 take zuwa da shi, ana iya ƙara shi zuwa 512. Tun daga farkon laftof, ƙofar ƙari a buɗe take.

Kada ku zaci ƙarin yana da arha. Intel da kanta ta bar sana'ar a 1985, kamfanonin Japan sun fi ƙarfinta. Amurka ta matsa wa Japan aka yi yarjejeniya a 1986 kan farashi, zuwa 1988 RAM ya yi wuya ya yi tsada. A Yuli 1993 wata masana'antar Sumitomo a garin Niihama na Japan ta yi bindiga. Ita ce ke samar da fiye da rabin wani irin ƙaro da ake rufe guntayen lantarki da shi a duniya, nan take farashi ya sake tashi. Wajen 1995 megabait ɗaya yana kusan dala 30. Ku lissafa: giga 8 a wannan farashin ya haura dala 240,000. Abin ya kai ɓarayi a Ingila da Amurka suna fasa ofisoshi da dare, su bar kwamfutocin a inda suke, su buɗe su zare RAM kawai su zuba a aljihu. Ma'aikata su zo da safe, komai yana nan, amma babu wadda za ta tashi.

Yanzu bari in karanto muku abin da Microsoft da kanta ta riƙa cewa shi ne mafi ƙaranci. Windows 95, megabait 4. Windows XP a 2001, megabait 64. Vista a 2007, megabait 512. Windows 7 a 2009, giga 1 ko 2 gwargwadon nau'in. Windows 11 a 2021, giga 4. Daga megabait 4 zuwa giga 4, ninki dubu kenan a shekara 26. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka yau zai iya cinye duk abin da Windows 95 ta nema.

Kuma wannan "mafi ƙaranci" kalma ce mai santsi. Ma'anarta kwamfutar za ta kunnu, ba a ce za ka ji daɗin aiki ba. Waɗanda suka fi ɗanɗana wannan su ne mutanen zamanin Vista. Kafin ta fito an riƙa sayar da kwamfutoci masu megabait 512 da tambari a jiki cewa za su iya ɗaukarta. Da ta zo, mafi ƙanƙantar nau'inta kawai da yawansu suka iya ɗauka, shi ma da jan ƙafa. Magana ta kai kotu a Amurka a 2007. Gaskiya ba RAM kaɗai ne abin ƙarar ba, har da na'urar hoto, amma darasin mai saye ɗaya ne. Ni a ganina, duk lambar da kamfani ya kira mafi ƙaranci, ka ninka ta biyu kafin ka fara magana, in kana so ta kai ka shekaru kuma ka ninka ta huɗu. Ku gwada da XP: an ce 64, Microsoft ta ba da shawarar 128, amma wanda ya yi aiki da ita ya san sai da 256 ko 512 hankali ke kwanciya.

To mu koma tambayar da na ce ku riƙe. Albashin da LEO ta yi da kilobait 9, me ya sa yau yake neman giga? Wasiƙa ba ta ƙara tsawo ba, shafi guda har yanzu kilobait biyu ne ko uku na haruffa. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, ya yi rubutu a 1995 yana kukan cewa manhaja tana ƙara nauyi fiye da yadda na'ura ke ƙara sauri. Akwai gaskiya a ciki, masu rubuta manhaja in sun ga wuri sai sun baje. Amma a yi adalci, ba duka ne almubazzaranci ba. LEO ba ta da allo mai launi, ba ta nuna maka fuskar mutum goma a taro, ba ta duba kuskuren rubutu, ba ta tsaron ɓarayin intanet. Kuma aiki ɗaya take yi a lokaci guda.

Babban abin da ya canza aikin ofis shi ne burauza. A Satumba 2008 Google ta fitar da Chrome da wani tsari: kusan kowane shafi da ka buɗe zaman kansa yake, kamar manhaja daban. Amfaninsa, in shafi ɗaya ya maƙale ba ya jan sauran, kuma mugun shafi ba ya leƙa na bankinka cikin sauƙi. Illarsa, kowanne da nasa kason a teburi. Daga baya manhajoji da yawa na hira da taro aka gina su a kan injin burauza, wato ko ba ka buɗe Chrome ba, kana iya samun 'yan'uwansa biyu ko uku suna zaune a ciki. Mutum zai ce maka, "Ni fa ba na komai da ita, Word ne kawai da intanet." Wannan intanet ɗin shi ne mai cin tuwon.

Duk wannan da sauƙi in ana iya ƙari. Shekara da shekaru, ka juya laftof, ka kwance noti ɗaya ko biyu, ga gurbi, ka cusa sabon RAM, aikin minti biyar. Sai a Janairu 2008 Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a, aka yi ta tafi. Giga 2 ne a ciki, kuma an liƙe shi da dalma a jikin bod, babu gurbi. Sirantar ta burge duniya, sauran kamfanoni suka bi. Suna da hujjarsu: nau'in RAM mai tattalin batir yana son zama dab da ƙwaƙwalwar na'ura, kuma gurbi yana cin wuri. Tun daga 2020 ma, a kwamfutocin Apple masu M1 da na bayansa, RAM ɗin a haɗe yake da ƙwaƙwalwar a ƙunshi ɗaya. An fito da wani sabon gurbi siriri mai suna LPCAMM2 a 2024, amma kwamfutocin da ke da shi ba su da yawa. Ma'ana, a laftof da yawa na yau, abin da ka saya ranar farko da shi za ku rabu.

Su kansu kamfanonin sun nuna inda aka dosa. A 2024 Microsoft ta sa giga 16 a matsayin sharaɗi ga sababbin kwamfutocin da ta kira Copilot+. Apple, wadda ta daɗe tana kare giga 8, a Oktoba na wannan shekarar ta mayar da 16 mafi ƙaranci a kwamfutocinta har da MacBook Air.

To mu koma shago.

Giga 4: kada ka saya don aikin ofis, ko an yi maka ragi, sai fa in akwai gurbi kuma a ranar za ka ƙara. Windows 11 ita kaɗai, ba ka buɗe komai ba, takan riƙe giga 3 zuwa 4, kuma a yawancin laftof na ofis na'urar hoto ma daga nan take yankar nata.

Giga 8 yana aiki, kada wani ya tsorata ka. Word, Excel mai matsakaicin girma, imel, shafuka biyar zuwa goma, zai yi, muddin wurin ajiyar SSD ne. Inda yake fara haki shi ne ranar da kake cikin taron bidiyo, kana nuna allonka, Excel a buɗe, shafi ashirin a burauza. In wannan ranar sau ɗaya take zuwa a wata, ka yi haƙuri da shi. In kullum ce, zai gajiyar da kai.

Giga 16 shi ne inda zan sa kuɗina in kwamfutar za ta yi shekara huɗu ko biyar, kuma in RAM ɗin a liƙe yake, ba na ma sauka ƙasa da haka. Giga 32 kuwa, ga mai buga wasiƙa da albashi, asarar kuɗi ce. RAM ɗin da ba a amfani da shi ba ya ƙara sauri ko kaɗan, teburi ne babba da akawu ke zaune a kusurwarsa. Bar wa masu tace bidiyo da masu zanen gini.

Saboda haka tsakanin biyun nan da mai shago ya ajiye, tambayar farko ita ce, "Malam, na wannan siririyar a liƙe yake ko ana cirewa?" In a liƙe yake kuma 8 ne, ni ta hannun zan duba. Kwamfutocin ofis da kamfanonin Turai da Amurka ke sallamarwa, waɗanda ke cika kasuwanninmu, da yawansu suna da gurbi. ThinkPad T480 tana da biyu, HP EliteBook 840 G5 ma biyu. Amma a kula, suna yana ruɗi: T480s, da ƙarin harafi ɗaya, gurbi ɗaya gare ta, sauran a liƙe, X1 Carbon kuwa duka a liƙe. Sannan ta hannu tana da nata tarkon. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman Intel zubi na takwas zuwa sama. Giga 16 a kan tsohuwar na'urar da ba za ta hau Windows 11 ba, an gudu ne ba a tsira ba. Duba lambar: in ka ga i5-8250U, takwas ɗin farkon nan shi ne zubin. In shida ne ko bakwai, ka yi tunani. Batir ma ka gwada shi.

Wani zai ce, to in sayi 8 mai gurbi, in ƙara baɗi in ya yi arha. Da can wannan shawara ce mai kyau, don yawanci farashi sauka yake yi. Amma kun ji abin da ya faru a 1988 da 1993. Yau kamfanoni uku ne, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, ke yin kusan duk RAM ɗin duniya, kuma a ƙarshen 2025 farashi ya yi tashin gwauron zabi saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe kayan. Ga kuma canjin dala a kanmu. In kana da halin ƙarawa a ranar da ka saya, ƙara a ranar, a gabanka, ka tabbatar nau'in ya dace, don DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5.

Kuma kada ka dogara da takardar da aka manna a jiki. Sa a kunna kwamfutar, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, danna Memory. A sama ta dama za ka ga jimillar RAM, a ƙasa kuma yawanci yana nuna gurbi nawa ne aka yi amfani da nawa. Wannan na biyun wani lokaci yana kuskure, don haka in da hali a buɗe bayan ka gani da idonka. Mai kwamfuta a gida ma zai iya wannan gwajin kafin ya kashe ko sisi: ranar aiki sosai, da rana tsaka, ka buɗe duk abin da ka saba buɗewa, sannan ka leƙa. In yana yawo a kashi 60 ko 70 cikin ɗari, RAM ba shi ne matsalarka ba, wataƙila tsohon faifai ne yake neman a canza shi da SSD. In kullum yana manne a 85 zuwa 90, to lokacin ƙari ya yi.

Nan za mu dakata a yau. A shiri na gaba za mu taɓa batir, da dalilin da ya sa na laftof ɗin hannu yake mutuwa da wuri a zafinmu. Sai mun haɗu, a huta lafiya.